Sarƙar da ta sa aka kira motoci 636,000: Me ke jiran masu sayen ƙaramin injin dizal na Peugeot a hannu na biyu?

A farkon watan Yulin 2025 kamfanin Stellantis, wanda ya mallaki Peugeot da Citroën da Opel da DS da Fiat, ya sanar da kiran motoci 636,000 a Faransa kaɗai domin su koma gareji a duba injinsu. Dukkan motocin inji iri ɗaya suke ɗauke da shi, wato ƙaramin injin dizal mai turbo da ake kira 1.5 BlueHDi, kuma an ƙera su ne tsakanin Oktoban 2017 da Janairun 2023.

Abin da ya jawo wannan gagarumin aiki wata 'yar gajeriyar sarƙa ce da ke saman injin, wadda faɗinta bai wuce milimita 7 ba. Tana cinyewa tun kafin lokacinta ya yi, idan kuma ta tsinke mota na cikin tafiya, inji na iya bugawa nan take.

Ga mai mota a Paris ko Lyon, magana ce ta zuwa wurin dillali a gyara masa kyauta. Sai dai motocin Turai ba a Turai suke ƙare rayuwarsu ba. Da yawa daga cikinsu kan hau jirgin ruwa daga tashar Antwerp ta Beljiyam su sauka a Kwatano ko Lome ko Legas ko Duwala, daga nan su bazu zuwa kasuwannin motoci na cikin ƙasa. Tambayar ita ce, injin da ya ba masu shi wahala a ƙasar da aka ƙera shi, inda ake da mai mai tsafta da garanti, yaya zai kasance idan ya zo inda babu tabbacin ko ɗaya daga cikin biyun?

Me ke cikin wannan inji?

Injin 1.5 BlueHDi ya fara fitowa ne a 2017 a cikin Peugeot 308. Silinda huɗu gare shi, girman cikinsa cc 1,499, wato lita ɗaya da rabi, yana kuma da bawul 16, huɗu a kan kowace silinda. Gangar jikinsa ta alminiyam ce domin rage nauyi. Cikin wuraren da aka ƙera shi akwai masana'antar Trémery da ke gabashin Faransa, wadda ta daɗe tana cikin manyan masana'antun injin dizal na duniya.

An sayar da shi da ƙarfi daban-daban, amma waɗanda suka fi yawa su ne mai ƙarfin doki 100 da mai 130. Mai 130 ɗin yana ba da ƙarfin ja na Newton-mita 300 tun injin na juyi 1,750 kacal a minti. Wannan ƙarfin ja shi ne ke sa mota ta ɗauki kaya ta hau tudu ba tare da direba ya yi ta sauya giya ba, kuma a nan ne dizal ya fi fetur.

Shan mansa kuwa shi ne babban abin tallarsa. A gwajin hukuma, mota irin 308 kan sha tsakanin lita 4 zuwa 5 a kowace tafiyar kilomita 100. A bisa wannan lissafi, tafiya daga Kano zuwa Abuja, wadda ta kai kimanin kilomita 430, ba za ta ci fiye da lita 20 da 'yan kai ba.

Injin na cikin motoci da dama: Peugeot 208 da 2008 da 308 da 3008 da 5008 da 508, da Citroën C3 da C4 da Berlingo, da Opel Corsa da Combo, da DS 7. Har Toyota ta yi amfani da shi a motar ɗaukar kayanta ta Proace City, wadda ake haɗawa a masana'antar Stellantis. Saboda haka tambarin da ke gaban mota ba ya nuna wa mai saye ainihin injin da ke cikinta.

Ba Fijon da aka sani ba ce

A arewacin Najeriya da Nijar sunan Peugeot, ko Fijo kamar yadda aka fi kiranta, yana da kwarjini. Tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000, shekara ashirin da wani abu bayan Faransa ta daina ƙera ta. Ta yi tasi, ta yi motar gwamnati, ta yi jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Duk wani bakanike na bakin titi ya san cikinta da wajenta.

Mafi yawan waɗannan motoci na fetur ne, amma ko 504 mai dizal ɗin da aka sayar a wasu ƙasashe abu ne mai sauƙin sha'ani. Girman injinta cc 2,304, ƙarfinta kimanin doki 70. Wato kowace lita ta girman inji tana ba da doki 30. Shi kuwa 1.5 BlueHDi kowace lita tana ba da doki kusan 87. An rage girman inji da fiye da kashi ɗaya bisa uku, an kuma kusa ninka ƙarfinsa.

Ba a banza aka samu wannan ba. Turbo, wadda hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa ƙarin iska cikin silinda, kan yi juyin da ya haura 200,000 a minti a irin waɗannan ƙananan injuna. Famfon mai yana tura dizal da matsin da ya kai bar 2,000, alhali iskar tayar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 2.5 ba. Ƙofofin da man ke fesowa ta cikinsu a bakin nozul kusan kaurin gashin kai ne. Kwamfutar mota ce ke yanke shawarar yawan man da za a fesa da lokacin fesa shi, sau da yawa a kowane bugu ɗaya.

Tsohon injin yana da sarari. Idan aka zuba masa mai maras kyau ko aka makara wajen juye, zai yi hayaƙi ya yi ƙara amma ya ci gaba da tafiya. Sabon kuwa an matse shi har babu wurin kuskure.

Dokokin hayaƙi ne suka sauya shi

Rabin kayan da ke jikin injin dizal na zamani ba domin gudu aka sa su ba, domin tace hayaƙi ne. Peugeot ta sa matatar baƙin hayaƙi a motarta ta hawa 607 tun a shekarar 2000. Da dokar Euro 5 ta fara aiki a Satumban 2009, ta rage ƙurar hayaƙin da aka yarda mota ta fitar daga miligiram 25 zuwa 5 a kowace kilomita, sai matatar ta zama dole ga kowa. Ita ce ake kira FAP a ƙasashen renon Faransa, ko DPF a wasu wuraren.

Euro 6 ta zo a 2014 ta rage iskar NOx mai cutar da huhu daga miligiram 180 zuwa 80. Sannan a Satumban 2015 asirin Volkswagen ya tonu a Amurka, inda aka gano ta sa wa motoci kusan miliyan 11 a faɗin duniya manhajar da ke yaudarar na'urar gwaji. Daga 2017 Turai ta fara auna hayaƙi a kan titi, ba a ɗakin gwaji kaɗai ba. A wannan shekarar ce 1.5 BlueHDi ya fito, kuma domin cin wannan jarrabawa aka tsara shi.

Saboda haka injin yana da bawul ɗin EGR da ke maido da wani ɓangare na hayaƙi cikin silinda, da matatar baƙin hayaƙi, da kuma tanki na musamman na wani ruwa mai suna AdBlue. Ruwan haɗin sinadarin yuriya ne kashi 32.5 cikin 100 da tataccen ruwa, ana fesa shi cikin salansa ya mayar da NOx iskar da ba ta cutarwa. Dokar Turai ta tilasta cewa idan ya ƙare, mota ba za ta sake tashi ba bayan an kashe ta. Tankin AdBlue da famfonsa su ma sun jawo ƙorafe-ƙorafe masu yawa daga masu motocin Peugeot da Citroën, har ƙungiyoyin kare masu saye a Faransa da Italiya suka shiga maganar.

Yadda sarƙar ke cinyewa

A saman injin akwai sanduna biyu da kanikawa ke kira kamshaf, ɗaya na buɗe bawulolin shigar iska, ɗaya na buɗe na fitar hayaƙi. Bel ɗin tayimin yana juya ɗaya daga cikinsu, ita kuma 'yar sarƙar tana haɗa ta da ta biyun domin su tafi tare. A cikin baƙin mai take wanka, don haka lafiyarta tana rataye ne a kan ingancin man da ke cikin injin.

A nan ne matatar hayaƙi ta shigo cikin labarin. Idan ta cika da toka, kwamfuta kan sa a fesa ƙarin dizal domin zafin salansa ya kai kusan digiri 600 ya ƙone abin da ya taru. Aikin na buƙatar mota ta yi tafiya mai ɗan nisa ba tsayawa. Idan gajerun tafiye-tafiye ake yi a cikin gari, ana kashe mota kafin a gama, sai ta yi ta maimaita yunƙurin. A kowane yunƙuri wani ɓangare na dizal ɗin yana zurarewa ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai. Man ya tsinke, ga kuma baƙin hayaƙi na taruwa a cikinsa yana aiki kamar yashi.

Da ma can siririn mai aka tsara wa injin domin rage shan dizal, kuma tazarar juye da littattafan motocin Turai ke bayarwa kan kai kilomita 20,000 zuwa 30,000. Siririyar sarƙa da siririn mai da doguwar tazarar juye suka haɗu. Alamar farko ita ce ƙara kamar ana kaɗa ƙarafa daga saman inji. Idan sarƙar ta tsallake haƙori ko ta tsinke, tsarin buɗe bawul ya rikice, bawul na iya karo da fistin, gyaran kuma kan kai ga sauya kan inji ko injin baki ɗaya.

Daga farkon 2023 kamfanin ya koma sa sarƙa mai milimita 8, ya kuma koma ba da shawarar mai mai ɗan kauri, 5W-30. A ƙarƙashin kiran da aka yi a 2025, ana sabunta manhajar kwamfutar mota, a saurari ƙarar injin da na'ura, a sauya mai ko sarƙar idan akwai buƙata. Kamfanin ya kuma tsawaita ɗaukar nauyin gyaran zuwa shekara 10 ko kilomita 240,000, duk wanda ya riga cika, bisa sharaɗin mai motar ya nuna shaidar cewa ana kula da ita bisa ƙa'ida.

Ya kamata a yi wa injin adalci. Kiran motoci 636,000 ba ya nufin dukkansu sun lalace, kuma akwai masu tasi da masu dakon kaya da suka yi dogon zango da shi lafiya, musamman waɗanda ke yawan bin babbar hanya kuma ba sa wasa da juye. Amma kamfani ba ya ɗaukar irin wannan ɗawainiya a kan ƙaramar matsala.

Yayansa ma ya taɓa yin irin haka

Kafin 1.5 BlueHDi akwai 1.6 HDi, mai cc 1,560, wanda Peugeot da Citroën suka yi tarayya da Ford a kansa. Ya bazu daga wajejen 2004 a cikin 206 da 207 da 307 da 407 da Partner, da Ford Focus da Fiesta, har da wasu motocin Volvo da Mazda da Mini. Shi ne ma ya fi dacewa da shekarun motocin da ke isowa Afirka ta Yamma a yanzu.

Nau'insa na farko mai bawul 16 ya yi suna wajen cin turbo. Wasar tagulla da ke ƙarƙashin nozul kan saki, hayaƙi ya riƙa kutsawa yana daskarewa, baƙin mai ya yi kauri kamar kwalta. Wannan dattin sai ya toshe wata 'yar rariya da ke bakin bututun da ke kai wa turbo mai. Turbo ta rasa mai, ta ƙone. Wanda bai san kan abin ba zai sayi sabuwa ya ɗaura, bayan 'yan makonni ita ma ta bi sawun ta farko, saboda ba a wanke hanyoyin man ba. Injin kuma bai cika ɗaukar lita huɗu ta baƙin mai ba, don haka ɗan datti kaɗan ya isa ya ɓata shi.

Daga 2010 aka sauƙaƙa shi zuwa bawul 8 da kamshaf ɗaya, ba sarƙa a sama, kuma wannan nau'in ya fi samun yabo. Da aka zo ƙera 1.5 sai aka koma bawul 16 domin inji ya fi shaƙar iska ya cika sababbin sharuɗɗan hayaƙi. Darasin injunan biyu ɗaya ne: a ƙaramin dizal mai turbo, baƙin mai shi ne rai.

Turai na raba gari da dizal

A 2008 fiye da kashi uku bisa huɗu na sababbin motocin da aka sayar a Faransa na dizal ne, saboda gwamnati ta daɗe tana sassauta harajinsa fiye da na fetur. A 2024 rabonsa ya faɗo zuwa kimanin kashi 7 cikin 100. A Tarayyar Turai baki ɗaya, inda ya taɓa haura rabin kasuwa, ya sauko zuwa kashi 13.6 a 2023, shekarar da motocin lantarki suka wuce shi a karon farko, sannan kashi 11.9 a 2024. Birane irin su Brussels da Stuttgart sun hana tsofaffin motocin dizal shiga cikinsu.

Motar da aka hana shiga gari ba ta ɓacewa, kasuwa take sauyawa. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. A wannan shekarar hukumar binciken sufuri da muhalli ta ƙasar Holan ta duba motocin da ake lodawa zuwa Afirka, ta tarar akasarinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, wasu ma an cire musu na'urar tace hayaƙi.

Idan aka ɗora wannan a kan garantin Stellantis, lissafin a bayyane yake. Motar da aka ƙera a 2017 kariyarta za ta ƙare a 2027, ta ƙarshe kuma a wajejen 2033. Motoci kuwa sun fi isowa Afirka bayan sun haura shekara 15. Ke nan a lokacin da mafi yawansu za su sauka a tashoshin jiragen ruwa na yankin, wa'adin ya riga ya cika. Wadda ma ta zo da wuri, da wuya ta zo da takardun juye da kamfanin ke nema. Kuma akwai haɗarin cewa motar da ta fara ƙara bayan garanti ya ƙare, wadda gyaranta a Turai ya fi kuɗinta, ita ce mai ita zai fi saurin sallamawa ga dillalan fitarwa.

Wane mai za a zuba masa?

Tun 2009 dizal ɗin da ake sayarwa a Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na sinadarin sulfa, wato farar wuta. A kan wannan ma'auni aka ƙera injin. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta wallafa binciken man da ta ɗebo daga gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, inda ta samu wanda ya kai kashi 3,780 cikin miliyan a Mali, ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi.

An samu ci gaba tun daga lokacin. Ghana ta koma ma'aunin kashi 50 a 2017. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50 ga duk man da ake shigowa da shi daga Janairun 2021, tare da bai wa matatun cikin gida ƙarin lokaci. Holan da Beljiyam, inda aka fi haɗa man da ake turowa yankin, sun tsaurara dokar fitar da mai maras inganci. Matatar Ɗangote ta fara fitar da dizal a farkon 2024.

Duk da haka ba a rufe babin ba. A Yulin 2024 shugaban hukumar NMDPRA na lokacin, Farouk Ahmed, ya ce dizal ɗin matatun cikin gida ya fi wanda ake shigowa da shi yawan sulfa. Aliko Ɗangote ya musanta, ya kuma sa aka yi gwaji a gaban 'yan majalisar wakilai domin nuna cewa nasa ya fi tsafta. Ko ma wane ne ke da gaskiya, direban da ya tsaya a gidan mai ba shi da hanyar sanin abin da ake zuba masa. A Nijar kuwa, wadda ke dogaro da matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, ficewarta daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025 ta raba ta da tsarin bai-ɗaya na ƙungiyar.

Sulfa mai yawa yana saurin cika matatar hayaƙi, abin da ke ƙara yawan yunƙurin ƙonawa, ya kuma ƙara tsinka baƙin mai. Yana kashe sinadaran da ke cikin na'urorin tacewa, yana kuma haifar da asid a cikin inji. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, man da matatar hayaƙi ke buƙata, mai ƙarancin toka, bai kai tsofaffin mayukan dizal ƙarfin kashe asid ba. Wannan ne ya sa kamfanonin motoci kan turo wa kasuwannin da mansu ke da sulfa nau'in inji daban da na Turai. Motar hannu ba ta bi ta wannan tantancewa ba.

Ga kuma algus. Famfon da ke aiki da matsin bar 2,000 da santsin dizal ɗin kansa yake samun sauƙin juyi. Idan aka gauraya man da kalanzir ko ruwa ya shiga, ƙarfe zai riƙa gogar ƙarfe, ɓurɓushinsa ya bi bututu ya lalata nozul huɗu a lokaci guda.

Ƙura, zafi da bakanike

Ƙurar hunturu na toshe matatar iska cikin ƙanƙanen lokaci, wadda ta kuɓuce kuma tana cin fukafukan turbo. A Sakkwato da Maiduguri da Agadas zafin bazara kan haura digiri 40, shi kuwa AdBlue ingancinsa na raguwa idan ya daɗe a ajiye a wurin da zafi ya wuce digiri 30. Samun sa ma a wajen manyan birane aiki ne. Cunkoson cikin gari, inda mota ke tafiyar hawainiya da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, shi ne yanayin da ya fi hana matatar hayaƙi wanke kanta.

Kanikawan yankin ba su gaza wajen basira ba, su ne suka riƙe 504 da 505 a kan titi shekaru da dama. Amma wannan inji ba a gane ciwonsa da kunne kaɗai. Ko sabon nozul aka ɗaura, sai an shigar da lambarsa cikin kwamfutar mota da na'ura. Garejin da ba shi da wannan kayan aiki sai dai ya yi ta canke, mai mota na biyan kuɗin kayan da lafiyarsu ƙalau.

Mafitar da aka fi bi idan matatar ta toshe ita ce a fasa ta a zubar da cikinta, a toshe EGR, a goge AdBlue daga kwamfuta. Mota za ta tashi, wani lokaci ma ta fi jin daɗin tafiya. Amma kuɗin da mai motar ya tsira da shi, jama'ar da ke bakin titi ne ke biya da huhunsu. Tun Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Mai talla a bakin danja da ɗan acaɓa da yaran makaranta su ne ke shaƙar abin da matatar ta kamata ta riƙe.

Lissafin aljihu

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, shan mai ya zama abu na farko da mai sayen mota a Najeriya ke tambaya. Motar da ke shan lita 5 a inda wata ke shan 8 ko 9 dole ta ja hankali. Sai dai a Najeriya an daɗe da sakin farashin dizal, kuma galibi ya fi fetur tsada, saɓanin Faransa inda arahar sa ce ta gina kasuwarsa. Wannan ya rage ribar tun kafin a zo maganar gyara.

Wanda ke bin doguwar hanya kullum, yake da gidan mai da ya amince da shi da gareji mai na'ura, zai iya cin moriyar injin. Wanda kuwa zirga-zirgarsa daga gida zuwa kasuwa ce ko ofis, abin da ya tara na rarar mai a shekara biyu turbo ɗaya ko nozul huɗu na iya lashe shi a rana ɗaya. Araha ba ta ado.

Abin da ya kamata a duba

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Da ita ake iya bincikawa a shafukan intanet na Peugeot ko Citroën ko Opel a ga ko motar na cikin waɗanda aka kira. Mai saye ya nemi a tayar da injin da sanyinsa, kafin dillali ya ɗumama shi, ya saurari saman injin. Ya sa bakanike ya tabbatar ko sarƙar mai milimita 7 ce ko an sauya ta da mai 8, a kuma haɗa motar da na'ura a ga halin da matatar hayaƙi da nozul suke ciki. Idan 1.6 HDi ne, a duba gindin nozul ko akwai baƙin abu mai kama da kwalta. Bayan an saya, tazarar juye ta Turai ba ta wannan yanayin ba ce; rage ta da rabi ko fiye, da man da ya dace da sauya matatar dizal a kan kari, ya fi sauya inji sauƙi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai saye. A Yulin 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da ƙudurin hana fitar da motocin da ba su cancanci hawa titi ba, amma motar da sarƙarta ke dab da tsinkewa tana iya cin gwajin titi. Ƙasashen da ke karɓar motocin ne ke da damar neman shaidar cewa an kammala duk wani gyaran da kamfani ya yi kira a kai kafin kwastan ta saki mota. Su ne kuma ke da alhakin auna man da ke bakin famfo a kai a kai tare da bayyana sakamakon ga jama'a, da horar da kanikawa a kan injunan da ke tafe.

Motocin farko masu 1.5 BlueHDi za su cika shekara 10 a 2027, daga nan kuma kowace shekara wasu dubbai za su riƙa fita daga ƙarƙashin garanti, darajarsu na faɗuwa a kasuwar Turai. Tsakanin yanzu da lokacin ne hukumomin kwastan da na ingancin mai da masu gareji a Afirka ta Yamma ke da sararin shiryawa, kafin motocin su fara cika filayen dillalai.